Tsofaffin farantan tangaran na kakanninmu: yadda za ka gane ƙasar da aka yi su da shekarunsu kafin ka sayar

Zuwa ga 'yan uwa mazauna Kudu, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, na Sabon Ibadan da Shagamu, na Ama Hausa a Owerri, da abokan sana'armu na Lokpanta da Amansea. Ina rubuto muku ne daga Kafanchan a kan wani abu da ya kusa raba kan gidanmu bara, kuma na san irinsa na nan a gidaje da yawa.

Ni ɗan mai fataucin shanu ne. Karatuna sakandare ya tsaya, daga nan na bi Alhajinmu kara. Ban taɓa zaton zan zauna ina nazarin faranti ba sai da Allah Ya yi wa kakata rasuwa, mahaifiyar Alhaji, wadda muke kira Hajiya Kaka. Bayan kwana arba'in aka buɗe ɗakinta don a ƙidaya abin da ta bari. A cikin tsohon kabad ɗinta mai gilashi, bayan jeren kwanuka da samiru, aka tarar da farantai goma sha huɗu naɗe cikin tsofaffin zannuwa. Tun muna yara ba ta yarda mu taɓa su. In na matsa kusa sai ta ce, "Kai maigidan, in ka fasa min ɗaya sai na kai ƙararka wurin alƙali, auren ya mutu." Ko a rikicin watan Afrilun 2011, lokacin da kasuwar Kafanchan ta ƙone mutane suka yi ta gudun tsira, farantan nan na cikin 'yan abubuwan da ta ɗaure a ƙunshi ta fita da su.

Ba a yi sati ba sai ga wani dillalin tsofaffin kaya ya zo, ya ce zai kwashe su duka a naira dubu goma sha biyar. Goggo ta ce a ba shi a huta. Shi kuwa ɗan Baffana da ke Legas, da aka tura masa hotuna ta WhatsApp, sai ya bugo waya yana rantsuwa cewa ɗaya daga ciki na sarakunan ƙasar Sin ne, kuɗinsa zai sayi gida a Kaduna. Daga nan zargi ya shigo. Masu cewa a sayar ana ganin sun haɗa baki da dillali, masu cewa a ajiye ana ganin so suke su ɓoye su cinye. Alhaji ya kira ni ya ce, "Kai ne kullum hannunka a waya. Je ka binciko mana gaskiyar abin nan kafin zumunci ya lalace." Wata biyu na yi ina karatu, ina tambaya, ina jujjuya farantai. Ga abin da na koya.

Maganar ɗan Baffa tana da tushe

Bari in fara yi masa adalci. A watan Maris na 2021, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wani ɗan ƙaramin kwanon tangaran mai zanen shuɗi a birnin New York a kan dala 721,800. Wanda ya kawo shi dala 35 kacal ya saye shi a wajen masu gwanjon kayan gida a jihar Connecticut ta Amurka. Masana sun tabbatar na zamanin sarki Yongle ne na daular Ming, wanda ya yi mulki a farkon ƙarni na 15. Kafin nan, a 2014, an sayar da wani ɗan kofi mai zanen kaji a Hon Kon a kan kusan dala miliyan 36. Irin labaran nan ne ke yawo a waya suna ɗaga wa mutane hankali.

Sai dai a tuna, ƙasar Sin ta shafe fiye da shekara dubu tana yin tangaran, kuma har gobe tana yi. Garin Jingdezhen da ke lardin Jiangxi, wanda shi ne cibiyar sana'ar, ya samo sunansa ne daga zamanin wani sarki a shekarar 1004, kuma yau ma masana'antunsa na aiki. A cikin miliyoyin farantan da suka bazu a duniya, na fadar sarki 'yan ƙalilan ne. Saboda haka in ka tsinci tsohon faranti a ɗakin tsohuwarku, ka fara da zaton na kasuwa ne, sai in hujja ta nuna akasin haka.

Ta ina suka shigo mana?

Wannan tambayar ita ce rabin amsar. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Tun 1927 ta zama mahaɗar layin dogo da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya nufi Jos. Shanu da kayan gona na gangarawa Kudu, kayan kanti na hawowa Arewa. Yawancin tangaran ɗin da ke ɗakunan kakanninmu ta wannan hanyar ya zo, daga kantunan Turawa irin su UAC da John Holt, ko daga hannun fatake da suka saro a Anaca da Legas. Hanya ta biyu ita ce tsarabar Makka, musamman daga shekarun 1970 da alhazai suka yawaita, ana dawowa da kofunan shayi da farantai da tire. Kayan nan a Saudiyya aka saye su, amma akasarinsu a Japan ko Sin aka ƙera su.

To ka ga, in auren kakarku a shekarun 1950 ko 1960 aka yi, kuma farantin na cikin kayan ɗakinta, mafi rinjayen zato shi ne sabo aka saye shi a lokacin. Ka samu tsofaffin gida ka tambaye su tun suna raye: wa ya kawo, a wane biki, daga ina? Goggo ce ta tuna mana cewa farantai shida daga cikin namu tsarabar hajjin Hajiya Kaka ne.

Mataki na farko: tangaran ne ma kuwa?

A kara, kafin ka yi maganar shekarun saniya sai ka san irinta, Bunaji ce ko Rahaji ko Bokolo. Haka faranti. Abubuwa huɗu ne mutane ke haɗawa su kira tangaran.

Akwai kwanon ƙarfe mai fenti, irin na jere. Shi ƙarfe ne aka shafe da ruwan gilashi aka gasa. Ka kanga masa mayen ƙarfe, in ya manne to shi ne. In ya ɓantare za ka ga baƙi ko tsatsa a wurin. Da daga Turai ake kawo shi, har da ƙasar Cekoslobakiya, daga baya Hon Kon ta karɓe kasuwar. Wajen samun 'yancin kai, 'yan kasuwar Hon Kon suka zo suka kafa masana'antu a nan gida, a Ikeja da Kano, kamar kamfanin Nigerian Enamelware da aka kafa a 1960. In ka ga sunan Cekoslobakiya a gindin kwano, an yi shi kafin 1993, domin a farkon shekarar ƙasar ta rabu biyu.

Akwai na roba mai tauri mai kama da tangaran. Ba shi da nauyi, ba shi da sanyi a hannu, in ka ƙwanƙwasa ba ya amo. Wannan na jiya-jiya ne.

Akwai farin yumbu mai kauri da aka shafa wa ƙyalli. Haske ba ya ratsa shi, kuma in ya tsufa za ka ga ƙyallin ya yi tsaga-tsaga sirara kamar yanar gizo, wani lokaci ya rine da miya. Yawancin farantan Ingila na yau da kullum irinsa ne.

Sai tangaran na ainihi. Ana yin sa da farar ƙasa da ake kira kawolin, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alƙaleri ta jihar Bauchi, a haɗa da wani dutse a niƙa, a gasa a wuta mai zafin kusan digiri 1,300 har ya narke ya zama kamar gilashi. Gwajinsa biyu ne. Ka shiga ɗaki mai duhu ka kunna fitilar waya a bayansa, za ka ga haske na ratsowa, har inuwar yatsunka. Sannan ka ɗora shi a kan yatsu ka ɗan buga bakinsa da farce, zai yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. In ya yi "ƙwas" ya tsaya, ko dai ba tangaran ba ne, ko kuma yana da tsaga a ɓoye.

Mataki na biyu: kifa shi ka duba gindi

Alhaji ba ya yarda da abin da mai saniya ya faɗa game da shekarunta. Bakinta yake buɗewa. In manyan haƙora biyu ne suka fito a gaba, ta kai wajen shekara biyu, in takwas sun cika, ta kai huɗu zuwa biyar. Shi faranti a gindinsa ake duba wannan.

A 1890 Amurka ta yi dokar haraji da ake kira dokar McKinley, wadda ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya a jikinsu daga 1891. Da yake Amurka babbar kasuwa ce, masana'antun duniya suka bi. Wannan ya ba mu ma'auni mai sauƙi:

In ka ga an rubuta CHINA da harufan boko, ba a yi shi kafin 1891 ba. In "Made in China" ne, na ƙarni na 20 ne ko bayansa, kuma mafi yawa na bayan 1950 ne.

In ka ga "Nippon", sunan Japan ke nan a bakin mutanenta, an yi amfani da shi daga 1891 zuwa 1921, lokacin da Amurka ta ce sai dai a rubuta Japan. A yi hattara, akwai na jabu.

In ka ga "Made in Occupied Japan", an yi shi tsakanin 1947 da 1952, lokacin da Japan ke ƙarƙashin mamayar sojojin ƙawance bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Wannan tambarin na da daɗin aiki domin ya ƙayyade shekarun sosai.

In sunan kamfani ne kamar Noritake, a 1904 aka kafa shi a Nagoya, ka ga farantin ba zai girmi wannan shekarar ba.

In an rubuta cewa ana iya saka shi a injin wanke kwanuka ko na'urar ɗumama abinci, to ai magana ta ƙare, sa'an iyayenmu ne ko ma ƙaninmu.

Wani kuskure da ake yi: a ga gindi babu rubutu sai a ce ya girmi 1891. Ba lallai ba. Kayan da ba Amurka za su ba sau da yawa ba a buga musu komai, wasu kuma takarda aka liƙa musu, wanki ya cire ta tuntuni.

Mataki na uku: rubutun Sinanci

A nan ɗan Baffa ya faɗa rami. Ɗaya daga farantanmu, mai zanen furanni ja da kore, yana da jan tambari mai kusurwa huɗu a gindi. Ya ɗora masa kyamarar waya ta fassara masa, ta ce an yi shi a zamanin Qianlong. Ya duba ya ga Qianlong ya yi sarauta daga 1736 zuwa 1795. Shi ke nan ya fara lissafin gida.

Ga yadda abin yake. Tambarin sarauta yawanci haruffa shida ne, ana karanta su daga sama zuwa ƙasa, daga dama zuwa hagu. Biyun farko sunan daula, ko Ming wadda ta yi mulki daga 1368 zuwa 1644, ko Qing daga 1644 zuwa 1912. Biyun tsakiya sunan zamanin sarkin. Biyun ƙarshe na nufin "an yi a shekarun". Matsalar ita ce maƙeran Sin sun daɗe suna rubuta sunayen tsofaffin sarakuna a kan sababbin kaya, wani lokaci don girmama salon da, wani lokaci don kasuwa. Sunan Qianlong da na Kangxi na cikin waɗanda aka fi ara. Masana kan ce tambari shi ne abu na ƙarshe da za ka gaskata, bayan jikin farantin ya riga ya ba da shaida.

Da na sa madubin ƙara girma na mai gyaran agogo a kan namu, sai na ga tambarin ba da alƙalami aka rubuta shi ba, hatimin roba aka buga, jan ya yi kauri a wani gefe ya dushe a wani. A can gefe kuma, ya kusa gogewa, ga CHINA da harufan boko. Wato ƙarni na 20.

Akwai wata dabarar kuma. Daga 1956 gwamnatin Sin ta fara sauƙaƙa haruffanta. In wanda ya iya Sinanci ya ce maka rubutun na sabon salo ne, farantin bai kai shekara saba'in da wani abu ba. Ku da ke Legas da Fatakwal, samun ɗan Sin da zai karanta muku ba wuya ba ne.

Mataki na huɗu: zanen hannu ne ko bugu?

Ka kai shi rana ka ƙura ido. Zanen hannu yana nuna sawun alƙalami, layi ya yi kauri nan ya sirance can, launi ya taru a wani wuri, kuma furanni biyu ba sa zama daidai da juna. Na bugu kuwa, a ƙarƙashin madubi za ka ga ɗigo-ɗigo jere kamar hoton jarida, ko ka ga inda zanen baki ya haɗu bai daidaita ba. Ka jera farantai biyu masu zane ɗaya. In komai nasu ya zo daidai har ƙwayar ganye, inji ne.

Kada zanen gidajen Sin da gada da tsuntsaye biyu ya ruɗe ka. Akwai wani shahararren zane shuɗi mai bishiya mai rassa a sunkuye da mutane uku a kan gada. A Ingila aka ƙirƙiro shi a ƙarshen ƙarni na 18 don kwaikwayon kayan Sin, kuma masana'antun yankin Staffordshire sun buga miliyoyinsa. Muna da guda biyu irinsa, gindinsu ya ce "Made in England".

Haka nan rubutun Larabci ba ya nufin a ƙasar Larabawa aka yi. Tun zamanin sarki Zhengde, daga 1506 zuwa 1521, Jingdezhen ke yin tangaran mai rubutun Larabci, kuma Sin ta daɗe tana yi wa kasuwannin Musulmi kaya. Fadar Topkapi da ke Istanbul na da tangaran ɗin Sin fiye da dubu goma. A gaɓar Afirka ta Gabas ma, a wurare irin su Gedi da Mambrui na Kenya, an samu tsofaffin farantan Sin, wasu an liƙa su a jikin ginin kaburbura. Amma masu ayoyi da ruwan zinare da alhazanmu ke kawowa, na zamani ne.

Mataki na biyar: zoben gindi da alamun tsufa

Zoben da faranti ke zama a kai ba a shafa masa ƙyalli. Ka shafa shi da yatsa. Wanda ya yi shekaru ana amfani da shi zoben kan yi sulɓi, ya goge daidai ko'ina. Tsofaffin na Sin sau da yawa suna da ɗan yashi da ya maƙale daga wurin gashi, ko ƙananan baƙaƙen ɗigo a cikin ƙyallin, ko wani layi ruwan ƙasa-ƙasa a inda ƙyallin ya tsaya. Farinsu kuma kan ɗan karkata zuwa shuɗi ko kore, ba fari fat kamar takarda ba. Tsofaffin farantan Japan na garin Arita, inda aka fara tangaran a farkon ƙarni na 17, sukan zo da ƙananan tabo uku ko biyar a tsakiyar gindi, sawun ƙusoshin yumbun da aka tokare su da shi a wuta. Na Sin ba kasafai suke da wannan ba.

Masu jabu sun san duk wannan. Suna jiƙa sabon faranti a ruwan shayi, su goga masa ƙasa, su kankare shi da takardar yashi. Ƙarcen amfani na gaskiya ta ko'ina yake bi, kuma ya fi yawa a tsakiya inda cokali ke taɓawa. Na takardar yashi kuwa layi ɗaya yake bi. Dattin da ruwan ɗumi ya wanke tas cikin minti ɗaya, jiya aka shafa shi.

Akwai gwajin kimiyya da ake ɗan huda gindin a ɗebi gari a auna yaushe aka gasa shi. Da irinsa aka auna wasu daga mutum-mutumin Nok. Amma a ƙasashen waje ake yin sa, kuma kuɗinsa ya fi ƙimar yawancin farantanmu. Sai faranti ya tsallake duk matakan da na lissafa sannan za a yi wannan maganar.

Gargaɗi uku

Na ɗaya, lafiya. Tsofaffin farantai masu zane ja, ruwan ɗorawa ko ruwan zinare a saman ƙyalli, wanda za ka ji tudunsa da yatsa, suna iya ƙunsar dalma. Abu mai tsami kamar kunun tsamiya, zoɓo ko lemon tsami na iya jawo ta cikin abinci. Ba mu manta yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ba. A bar irin waɗannan a jere, kada a ba yara abinci a ciki.

Na biyu, doka. Mu nan Kudancin Kaduna ƙasar Nok ce. A 1928 aka fara tono mutum-mutumin yumbu a wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba, kuma shekarunsu sun haura dubu biyu. Wasu masu yawon sayen tsofaffin kaya da faranti suke fara magana, su ƙare da tambayar ko akwai "kan yumbu". Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi irin waɗannan da fitar da su waje ba da izini ba. Kada wani ya ba ka saƙo ka saka a tirelar shanu zuwa Legas ba ka san mene ne ba. In an kama, kai ne a hannu.

Na uku, 'yan damfara. In ka saka hoto a Facebook wani ya ce zai saya da miliyoyi amma sai ka fara tura kuɗin rajista ko na takardar shaida, ka toshe shi. Mai saye na gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun mai sayarwa. Kuma ba a cinikin biri a sama: kada ka ba kowa faranti ya tafi da shi "a gwada" ba shaida ba rubutu.

Yadda tamu ta ƙare

Cikin goma sha huɗun nan, uku kwanon ƙarfe ne, biyu na Ingila, shida na Japan tsarabar Makka, biyu na Sin masu ɗigon haske kamar ƙwayar shinkafa a jiki da "Made in China" a gindi, sai mai tambarin Qianlong ɗin. Babu na fadar sarki ko ɗaya. Na kai hotunansu gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe tun 1952, wani ma'aikaci ya duba, ra'ayinsa bai saɓa da abin da na gano ba.

Na zauna gaban Alhaji da Baffa da Goggo na kifa farantan ɗaya bayan ɗaya na nuna musu. Aka kira ɗan Baffa a waya ya gani da idonsa. Ya yi shiru, can ya ce, "To Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Malamin da ya raba gadon ya sa aka yi musu kuɗi daidai da kasuwa aka shigar cikin lissafi, Goggo da ƙannenta mata suka karɓe su a cikin rabonsu. Dillali bai samu ko ɗaya ba. Goggon da ta ce a ba shi a huta, yanzu ita ce ke hana jikokinta matsawa kusa da kabad.

Shawarata ga duk wanda ke da irinsu: kada ka wanke da toka ko yashi ko soson ƙarfe, ruwan ɗumi da sabulu da tsumma sun isa. In ya fashe kada ka yi saurin liƙewa da gam, ka adana gutsattsarin. In za ka yi tafiya da su, ka naɗe kowanne daban, ka jera su a tsaye cikin kwali, ba a kwance ba. Ka ɗauki hoton gaba da baya da tambarin, ka rubuta a takarda wa ya mallake shi da yadda ya zo gidan. Sannan in maganar gado ce, a kifa farantin a gaban kowa kafin a yi maganar kuɗi.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya tsare ku a inda kuke neman halalinku, Ya bar mu da zumunci.